Ko Ta Waiwayo

Magaribar ranar ba ta zo da wata alama ba. Awaki sun shigo gari da kansu kamar kullum, kowace ta nufi ƙofar gidansu, hayaƙin tuwo ya kwanta a kan unguwa, zafin bazara ya soma sakin mutanen Gure. A gidan Mushe Tahiru, kamar yadda ake kiran malaman boko a nan, tsohon shugaban lakwal, wato makaranta, da ya ajiye aiki, yayarsa Ya Aisa tana bakin murhu tana tuƙi, shi kuma yana tsugune da buta yana alwala. Autarsa Hamsatu tana zaune a tabarma da sabon kitso a ka, tana ta shafa shi tana dariya, don bai yi kama da na kowa a garin ba.

Ya wanke ƙafar dama ke nan, wani abu ya daki kwanon ɗaki, ya gangaro a hankali, ya faɗo gabansa. Ƙwallon goruba ne, jiƙe sharkaf, yana warin ruwan kanwa. Babu goruba a gidan, babu a maƙwabta, kuma wata bakwai ke nan rabon garin da ruwan sama. Kafin ya ɗaga kai na biyu ya sauko, sai na uku. Ba jifan ƙeta ba ne. Mai jifan yakan jefa ɗaya ya dakata, kamar mai sallama da ke jiran a amsa.

Ya Aisa ta tsayar da muciya. "Tahiru, leƙa waje."

Ya leƙa. Lungu fayau, ko kaza babu. Da ya dawo ladan ya riga ya ta da kira, Hamsatu kuwa ta daina dariya. Ta lanƙwashe hannuwanta biyu a ƙirji kamar mai rungume da jinjiri, tana jijjigawa, idanunta a kafe wajen gabas. Wani amo yana fita daga maƙogwaronta, ƙasa-ƙasa, irin na rarrashi. Ya kira sunanta sau uku, ba ta juyo ba.

Sai an koma baya kaɗan kafin a san yadda aka haihu a ragaya.

Mushe Tahiru mai tara tsofaffin littattafai ne. Kowa da kiwon da ya karɓe shi: wani raƙuma, wani lambun dabino a kwari, shi kuwa takardun Nasaran farko da suka ratso ƙasar nan da ayarin soji suna neman tafkin Cadi. Shekara talatin yana bin su. Duk garin da aka kai shi aiki sai ya binciko jikan wani tsohon tafinta, ya yi ta lallashi har ya raba shi da wata taswira da gara ta ci gefenta. Ɗaki mafi kyau a gidan ya ba su. Yana kuma da dokokinsa, waɗanda ya fi tsarewa bisa dokar likita. Ba a shiga da ruwa, ba a lasar yatsa a buɗe shafi, ba a ɗaukar hoto da waya, wai haske yana cin launi. Babbar dokar ita ce abin da aka samu a manne, a manne ake barinsa, don a ganinsa mai ɓanɓare tsohuwar takarda ba shi da bambanci da gara.

Mutane sun ɗauka son Nasara ne ya yi masa yawa. Ba su san mace ɗaya yake nema a cikin tarin nan ba.

Kakarsa Lantana, wadda ta goya shi, a gindin goruba aka tsince ta tana 'yar wata huɗu, a bakin rijiyar kwarin Kolori da ke gabas da Gure, washegarin ranar da ayarin Nasara ya wuce. Uwarta Falmata ta tafi ɗiban ruwa da goyo, ba ta dawo ba. Da yake bakin mutane ba ya zama haka nan, sai aka ce ta bi soji ne, ta ga jar hula ta yar da 'ya. Da wannan gori Lantana ta girma, da shi ta yi aure, da shi ta tsufa, kuma ba a taɓa jin sunan uwarta a bakinta ba. Abu ɗaya aka gaya mata game da ita, cewa kunnenta na hagu a tsage yake. Sai a ciwon ajali, lokacin Tahiru yana saurayi ɗan makarantar horon malamai, ta kama hannunsa ta ce, "Kai da ka iya karatunsu, an ce komai rubutawa suke. In ka same ta a takardunsu, kada ka dame ni da inda ta tafi. Ka duba mini ko ta waiwayo."

Bai same ta ba. Nasaran sun rubuta zurfin rijiyoyi da sunayen tsuntsaye da adadin raƙuman da suka mutu, amma matan da ke ɗaukar musu ruwa ba su isa a sa su a layi ba. Furfura ta cika masa kai, matarsa ta rasu, ya dawo gida Gure da akwatunan littattafai da 'ya ɗaya.

Sai ga saƙo daga Idirisa, wani tsohon ɗalibinsa da ke aiki a Faransa. Ya tsinto wani abu a kasuwar tsofaffin kaya, ya tuna da malaminsa. Zanen launi ne na ruwa, a takarda mai faɗin tafi biyu, manne a jikin kwali mai kauri. Mace ce tsaye da tulu, da kitson Mangawa, mutanen yankin, irin na da. A ƙasa an rubuta sunan rijiyar da shekarar. An kuma liƙa wata jelar kitso ta gaske a gefe, da ɗan murjani a bakinta. Tahiru ya dubi kunnen hagu, ya gan shi a tsage. Ya dubi fuskar, ya ga goshin Hamsatu da haɓarta. Ya zauna a ƙasa ya yi kukan da bai yi ba ranar da aka binne matarsa.

Daga nan ne ya soma kuskure, kuma murna ce ta sa shi. Ya sa kafinta ya yi wa zanen gida na katako da gilashi, ya rataye a bango. Ya Aisa ta shigo ta gani, ta ja da baya.

"Fuskar na ji, amma gashin fa? Tahiru, wanda mace ta taje ya zube ma tonawa ake a binne. Wannan na mamaciya ne."

"Yaya, wannan tarihi ne."

"Tarihin ba shi da kabari?"

Ya yi dariya ya bar zancen. Akwai kuma abin da bai gaya wa kowa ba. Ranar da saƙon ya iso ya kai zanen hasken rana, ya ga inuwar rubutu tana leƙowa ta farin takardar, layi bakwai ko takwas, a bayan zanen, ta wajen da ke manne da kwali. Ya san ba a raba su sai da tururi, ya kuma san tururi da launin ruwa ba sa haɗuwa. Ya ce wa kansa doka ce ta hana shi. Gaskiyar magana tsoro ne. Ya samu fuska, yana gudun kada rubutun ya ce masa mutanen gari ne suka yi gaskiya.

Maimakon haka sai ya nemo wata tsohuwar makitsiya da har yanzu ta iya kitson na da, ya sa ta yi wa Hamsatu irinsa sak. Nufinsa da safe mai hoto ya zo, sau ɗaya tak a karya doka, a ɗauki yarinyar a gefen kakar kakanninta. Da la'asar aka gama kitson, da magariba goruba ta soma sauka.

Kwana tara aka yi a haka. Da rana Hamsatu tana kwance shiru, ba ci sai ruwa da ake ɗiga mata. Hannuwan nan ba su miƙe ba ko sau ɗaya, maza biyu sun gwada sun kasa. An kai ta likita, aka auna, aka ce jini lafiya, kai lafiya, aka ba da ƙwayoyin barci. Ya Aisa ta zo da tsinke za ta tsefe kitson, yarinyar ta yi wata ƙara da ta sa maƙwabta suka shigo ba sallama. Da rana ta yi ja kuwa, sai jifan ya dawo, ita kuma ta miƙe ta nufi ƙofa, fuskarta gabas, sai an tare ta. Tana magana wani lokaci, amma da Manganci, tsohon Manganci mai nauyi wanda Ya Aisa kanta sai ta kasa kunne. Hamsatu kuwa a wuraren aikin ubanta ta girma, can yamma, daga gaisuwa ba ta iya komai a harshen ba.

Gidan ya yi tsit irin na gidan makoki. Tahiru ya daina shiga ɗakin littattafai, ya koma zama a bakin ƙofarta yana kallon wuyanta yana sirancewa. Ita kaɗai ta rage masa, kuma ya san tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, sai dai wannan karon a kan 'yarsa yake sauka.

A rana ta goma aka ɗauko Goni Fadilu daga Bune. Ɗan tsoho ne siriri, ba shi da kwarjinin da ake ba da labari, yana tafe yana jan ƙafa ɗaya. Bai tambayi komai ba sai da ya sha ruwa ya yi la'asar. Ya ɗauki ƙwallon goruba ɗaya daga tarin da aka share gefe, ya shinshina, ya ajiye. Sannan ya ce a nuna masa sabon abin da ya shigo gidan. Ya daɗe a gaban zanen, ba fuskar yake kallo ba.

"Mushe, gashin wa ka rataye?"

Tahiru ya gaya masa. Goni bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi sauƙi. Cewa ya yi kawai a fito da shi tsakar gida, a fito da yarinyar.

Ya soma karatu inuwa tana tsawo, muryarsa ba ta tashi ba ta sauka. Ya Aisa tana riƙe da kafaɗun Hamsatu, Tahiru yana tsugune gefe. Aka daɗe ba abin da ya motsa. Sai da rana ta taɓa kan katanga, ƙwallo ɗaya ya faɗo tsakiyar tabarma, Hamsatu ta ɗago kai. Muryar da ta fito ta tsohuwa ce tukuf, a gajiye.

"Ya isa, Goni. Ina ji."

"Ke wace ce?"

"Mai wurin ce. Gindin gorubar Kolori."

"Musulma?"

"Tun kakanka bai san alwala ba."

"To me ya haɗa Musulma da zaluntar 'yar mutane?"

"Ban zalunce ta ba. Kayanta na kawo mata, ta ƙi karɓa."

Goni ya ce ta yi bayani. Hannuwan Hamsatu suka ci gaba da jijjiga, muryar tana fita a hankali.

"Matan kwarin nan, in za su ja guga, sukan kwance goyo su ajiye a gindina su ce, masu wuri, ga amana. In sun cika tulu su dawo su ce, na karɓa, Allah ya saka. Shi ke nan tsakanina da su. Ran nan ta ajiye 'yarta, ta ce ga amana, ta juya, sai ga dawakai. Na ji ta tana ihu ana jan ta, tana cewa ku riƙe mini har in dawo. Na riƙe. Na kwana ina korar dila har mutanenta suka fito daga ɓuya suka ɗauki 'yar."

"Ai sun karɓa ke nan."

"Ba su suka ba ni ba."

"'Yar ta girma, ta tsufa, ta rasu shekara hamsin da suka wuce."

"Na sani, na ji labari. Amma ba a ce mini na sauke ba. Rairayi ya cinye rijiyar, 'yan'uwana duk sun tashi, ni ban tashi ba. In uwar ta dawo ba ta same ni ba fa? Hannuna bai miƙe ba tun ranar, Goni. Sai kwanan nan na ji ƙanshin gashinta ya shigo gari. Na biyo, na yi sallama, na same ta zaune da kitsonta. Na miƙa mata, ta dube ni kamar ba ta san ni ba."

Ya Aisa ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a bayan Hamsatu. Tahiru ya ji kamar a tsage ƙasa ya shige.

"Ba ita ba ce," in ji Goni. "Jininta ce. Ɗan Adam ba ya kai shekarun da kike jira. Uban yarinyar ne ya yi wauta ya sa aka yi mata kitson. Ki ji tsoron Allah ki fita, ko in ci gaba da karatu, kin kuwa san abin da zai biyo baya."

"Ƙona ni. Ya fi jira sauƙi. Amma ba zan sake ta ba, sau ɗaya na bari ta tafi." Muryar ta yi ƙasa-ƙasa. "In ba ita ba ce, to ina take? Me ya hana ta dawowa? Wanda ya gaya mini, na sakar masa yarinyar. In babu mai faɗa, yau da ita zan koma, mu jira tare."

Goni ya sa ta rantse, ta rantse. Ya juyo ya dubi 'yan gidan. "Akwai wanda ya san ƙarshen matar nan?"

Ya Aisa ta girgiza kai. "Ba wanda ya sani, Allah gafarta. Abin da ya kashe kakarmu ke nan."

Tahiru ya san inda amsar take. Dole a faɗi gaskiya ko da ba daɗi: ya yi jinkiri. Ba mai tsawo ba ne, bai fi a ja numfashi uku ba, amma ya yi, 'yarsa tana gabansa ƙashin wuyanta a waje. Ya dubi fuskar da ke bayan gilashi, wadda ya ba shekara talatin, wadda babu irinta a duniya, ko a waya bai bari an ɗauka ba. Wannan numfashi uku bai yafe wa kansa su ba har yau. Sai dai ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Akwai rubutu a bayansa," ya ce. "Na gani tun ranar farko. Yaya, hura gawayi ki ɗora butar shayi."

Ya Aisa ta dube shi, kallon da ya fi zagi, ta tashi ta hura.

Da hannunsa ya cire ƙusoshin, ya zare gilashin. Ya ɓanɓare jelar kitson a hankali ya miƙa wa Goni, shi kuma ya naɗe ta a farin ƙyalle. Buta ta tafasa. Tahiru ya kara kwalin a bakin tururi, yana sa bakin wuƙa yana ɗagawa kaɗan-kaɗan. Tulun ne ya fara narkewa. Sai shuɗin zanenta ya gangaro ya shiga jan ƙasa. Yana kallo kitson ya baje, tsagaggen kunnen ya tafi, goshi ya tafi. Idanun ne suka fi daɗewa, suna dubansa ta cikin tururi, sannan su ma suka bi ruwa suka ɗiga a yatsunsa. Takardar ta rabu da kwali. Ya juya ta. Tawadar bayan ba ta yi komai ba, irin ta da ce mai cin takarda.

Ya sa tabarau, ya soma karantawa yana juya musu da Hausa, muryarsa ta lakwal tana karyewa.

"Mun ɗauke ta a rijiyar nan tare da mata shida, don ɗaukar ruwa. Sau uku tana gudu ta nufi baya, sau uku ana kamo ta. Tafinta ya ce jinjira ta bari. Gaban zanenta kullum a jiƙe yake da nono. Daga rana ta uku mun sa mata igiya, amma tana tafiya fuskarta na baya, har tana jinkirta ayari. A rana ta biyar ta faɗi, ba ta tashi ba. Mun bar ta a gindin wata aduwa." Ya tsaya. Saura layi ɗaya, ya so ya haɗiye shi, ya ga ba shi da wannan hakki. "Na yanki wannan a kanta domin tarin kayana."

Tahiru ya sauke takardar. Shi kaɗai ya san yadda layin ƙarshen ya soke shi, don ya ga mutumin da ya yanke da mutumin da ya rataye sana'arsu ɗaya.

Sai wani kuka ya fito daga bakin Hamsatu, siriri, mai tsawo, ba na tsoratarwa ba. Kukan tsohuwa ne da aka kawo wa labarin mutuwa a makare.

"Ashe tana zuwa," in ji muryar. "Kwana biyar kawai tsakaninmu. Da na sani da na kai mata."

"Allah ya riga ya hukunta," in ji Goni, shi ma muryarsa ta sauya. "Mai amana ta rasu a hanyar zuwa karɓa. Kin riƙe, kin wuce abin da aka roƙe ki. Ga magajinta nan, ki ba shi, ki tafi ki huta. Kada ki sake kusantar gidan nan."

"A binne mini gashin a wurina."

"Za a binne, don hakkinta ne, ba don ke ba."

"Na yarda. Ya matso."

Tahiru ya matso a gwiwa, bai san yadda ake yi ba. Ya Aisa ce ta gyara masa hannu yadda ake karɓar jinjiri, ta raɗa masa abin da mata ke faɗa. Ya ce, "Na karɓa, Allah ya saka." Hannuwan Hamsatu, da suka gagari maza biyu, suka buɗe a hankali suka sauka a kan nasa. Ba ya rantsuwa a kan wannan, amma ya ce ya ji nauyi, ɗan kaɗan, mai ɗumi, na abin da bai fi wata huɗu ba. Muryar ta yi sallama, Goni ya amsa. Hamsatu ta yi atishawa sau uku, ta sulale jikin gwaggonta. Ladan yana kiran magariba, kwanon ɗaki shiru.

Da ta farfaɗo, ruwa ta fara nema, da Hausarta ta kullum. Ta ce hannuwanta ciwo suke kamar ta yini tana daka. Ya Aisa ta tsefe kitson a zaune a wurin, ta tattara duk gashin da ya zube ta ƙulle a bakin zane.

Washegari da hantsi suka tafi Kolori da Goni a amalanke. Kwarin ya mutu, rairayi ya sauko ya binne rijiya da lambuna, sai kututturen goruba ɗaya da ya rage tsaye ba kai. A gindinsa suka tona, suka sa farin ƙyallen, Goni ya yi wa Falmata addu'ar da ba a yi mata ba shekara ɗari da ashirin da wani abu. Tahiru ya riƙe takardar, gabanta dabbare-dabbaren launi, bayanta layi takwas.

Bayan kwana biyu Hamsatu ta shigo ɗakin littattafai ta same shi zaune gaban katakon da ba komai a ciki.

"Baba, wai da gaske na yi kama da ita?"

Ya rufe ido don ya tuno fuskar, sai ta Hamsatu ta yi ta zuwa. Ya yi ƙoƙari ya raba su, ya kasa. Ya ce, "Ƙwarai kuwa," ya ja ta jikinsa, abin da bai saba yi ba tun tana ƙarama.

Ranar Juma'a bayan an sauko ya tafi tsohuwar maƙabarta shi kaɗai. Shekara hamsin ba wasa ba ce, rairayi ya shafe komai, itacen da ya kafa da hannunsa a kan kabarin Lantana ba shi ba alamarsa. Ya yi ta zagaye yana lissafi daga wata bagaruwa da yake tsammani, har ya gane ba zai samu ba. Sai ya tsaya a tsakiya, ya cire takalmi, ya yi wa mutanen wurin sallama gaba ɗaya. Ya fito da takardar, ya ga ba ya bukatarta, ya mayar aljihu.

"Kaka, Tahiru ne," ya ce. "Na makara. Na duba miki. Ta waiwayo, Kaka. Igiya suka sa mata, amma har ta faɗi ke take kallo."